Matar da Ta Shiga Tsakanin Tahira da Rana

Malama Aina'u ba ta iya zama ba. Ana idar da sallar Asuba take buɗe ƙaramin asibitin ƙauyenmu, ta auna masu ciki, ta yi wa jarirai riga-kafi, sannan ta rataya jaka ta bi hanyar gonaki. Hantsi ake wa kirari da leƙa gidan kowa, mu a nan ita muke wa. Ka shimfiɗa mata tabarma, sai ta ce, "Bari dai in ga yarinyar tukuna." Shekara talatin da biyar ke nan. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya ta koma Ɗanbatta, ni kuwa tun da na ji, abinci ya daina yi mini daɗi.

Dalilina 'yata ce, Tahira. Tana shekara biyu baƙaƙen ɗige-ɗige suka feso mata a fuska, idonta kullum ja. Innata ta ce sanyi ne, maganinsa hantsi, don haka kowace safiya sai a tuɓe ta a zaunar a rana. Da ta tasa, aka ba ta tsaron shanyar gyaɗa, tana korar awaki har La'asar. Mu muka yi mata haka, kuma da sunan ƙauna.

A bakin shanyar Malama ta same ta. Ta lulluɓe ta da mayafinta, ta ɗauko ta har zaure.

"Malam Basiru, wa ya ce ku gasa yarinyar nan?"

Raina ya ɓaci. Na ce mu ma a rana muka girma, ga mu nan garau. Ba ta kula ni ba. Sau uku tana jan mu zuwa babban asibiti a Kano kafin likitoci su gano cutar. A mota ta warware mini.

"Jikin mutum ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani. Cikin kowace akwai dogon rubutu, DNA, layi biyu a murɗe kamar igiya. Kullum rana na ɓata wasu haruffan. Amma Allah Ya sa masu gyara a ciki. Su bi layin, su yanke inda ya lalace, su dubi ɗan'uwansa su kwafo daidai, su liƙe. Naka suna yi yanzu haka. Na Tahira, masu yankan ne ba sa aiki. Ɓarnar taruwa take, ƙarshenta ciwon daji."

"To maganin fa?"

"Inuwa, da sa ido."

Ita ta ɗinka wa malafar Tahira ƙyalle ya sauko har kafaɗa. Ita ta tsaya kan hedimasta sai da ya ɗauke Tahira daga bakin taga. Da mata suka fara cewa ana sangarta yarinya, gida-gida ta bi su. Duk wata sai ta bincika fatar da gilashin ƙara girma. Sau biyu tana kama tabo bai wuce ƙwayar gero ba, aka yanke shi a Kano.

Malama, ke ce mai gyaran da jikin 'yata ya rasa. Na yi miki gardama a zaurena, kunyar ba ta sake ni ba har yau.

Jiya na kasa haƙuri na same ta. "In kin tafi, wa zai duba ta?"

Ta kira Tahira, wadda yanzu take shekara sha shida. "Nuna wa babanki."

Tahira ta ɗaga malafa ta taɓa gefen kunnenta. "Wannan sabo ne, Baba. Ni na gano shi da madubi."

Sai a lokacin na gane. Ashe shekara biyu Malama tana koya mata duba fatarta da kanta.

Mun gode, Malama Aina'u. Allah Ya yi miki inuwa ranar da babu wata sai tasa. Ku kuma ma'aikatan da za ku gaje ta, ku fito daga bayan tebur ku bi hanyar gonaki, akwai yaran da ke bakin shanya.

Jibi za mu Kano a duba tabon. Na ce wa Malama ta huta, mu za mu je. Ta harare ni.

"Ritayar sai ƙarshen wata. Ka tsayar mana da motar farko."