Karatun da Na Yi wa Yaya a Mota

Aikina a Doha tuƙi ne. Ina jan ƙaramar bas ta wani asibitin kuɗi a Al-Sadd, in kwaso ma'aikata da safe, in mayar da su da yamma. Karatuna bai wuce sakandare ba. Amma da yake na riga mutane da yawa zuwa, ga mota a hannuna, sai ya zama in ɗan arewa zai sauka a filin jirgin Hamad, ni ake kira in ɗauko shi. Daga filin jirgi zuwa masauki nake yi wa baƙo karatun zaman gari. Na yi shi har na haddace, kuma ina jin daɗin yin sa fiye da yadda ya kamata. A cikinsa akwai magana guda da ta bar wani bawan Allah shi kaɗai a ranar da ya fi bukatar mutane.

Yawancin karatun gaskiya ne, har gobe zan maimaita wa mai zuwa. Katin zamanka kada ya bar aljihunka ko shago za ka. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton mutane, balle mata. In mota ta taho ta bayanka tana ƙyafta fitila, ka kauce, ba wurin nuna jarumta ba ne. Ka sha ruwa tun ƙishi bai zo ba. In zafi ya shigo, tankin da ke saman gida tafasa yake, famfon sanyi shi ke ƙona mutum, don haka ka kashe hita ka yi wanka da famfon zafi. A nan baƙo kan yi dariya, sai ya ƙone ya kira ni. Lahadi ranar aiki ce. Kada ka ɗaga wa kafil murya, wato wanda takardar zamanka ke hannunsa, don a lokacin ko gida za ka sai ya sa hannu.

Magana ta ƙarshe nakan rage gudu kafin in faɗe ta. "Nan ba gida ba ne. Ba a zuwa wurin kowa sai an kira an tambaya. In ya ce kada ka zo, ka zauna."

Na san inda na samo ta. Farkon zuwana, wata Juma'a bayan masallaci, na sa sabon kaftani na tafi gaida wani likita ɗan garinmu. Ya buɗe ƙofa idonsa jawur, ashe kwanan aiki ya yi. Bai wulaƙanta ni ba. Ya ba ni ruwa, ya zauna yana hamma, da zan tafi ya ce, "Nan gaba ka ɗan kira tukuna." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ni ne na sauko da kunyar daga bene na mayar da ita doka, ina rabawa duk wanda ya shiga motata.

Yaya abokin wana ne, ya girme ni sosai. Gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki ne sana'arsa, wani kamfani ya ɗauko shi. A gida an san shi da ƙafa. Ba ya komawa gida daga sallar asuba sai ya zaga ya gaida tsofaffin unguwa, kuma ba a suna ko jana'iza ba a ga babur ɗinsa a ƙofar gidan ba. Ya saurari karatuna tsaf, yana gyaɗa kai kamar ɗalibi. Da na zo ta ƙarshe ya juyo ya dube ni.

"Har kai ma, ƙanena?"

"Har ni, Yaya."

"Ikon Allah. Gaisuwar ma sai da biza."

Muka yi dariya, na sauke shi a unguwar Mu'aither, a ɗakin da kamfani ya ba su shi da wani ɗan Nepal.

Ya kuwa bi dokar. Ran Juma'a yakan kira: "Ƙanena, kana gida?" Sau da yawa ina kwance nakan ce ina kan hanya. Ba ƙin sa nake ba, rana ɗaya ce tawa a mako, kuma na san in ya zo sai magariba. A hankali ya rage kira, ni kuma na ɗauka ya saba da gari.

Cikin tsananin zafi, lokacin da masu sana'arsa ba su da hutu, mahaifiyarsa ta rasu. Kafin ya gama jin labarin an fara shirin kai ta, tafiya gida ba ta ma taso ba. Kamfani ya ba shi 'yan kwanaki. Aka sanar a guruf ɗinmu na waya, saƙonnin Allah Ya jiƙanta suka yi ta shigowa. Na kira shi na yi masa gaisuwa, sannan na ce, "Yaya, in zo?"

Ya ce, "Kana da aiki. Kada ka wahalar da kanka, addu'a ta isa."

Ni Bahaushe ne, na san ma'anar wannan amsa. A gida ko majinyaci yana nishi zai ce kada ka wahalar da kanka, kai kuma ka riga ka sa takalmi. Na sani, amma amsar ta yi mini daidai, sai na karɓe ta. Abin da ya fi muni, mutane suka riƙa kira na, tunda ni ne masanin gari, suna tambaya ko za a haɗu a je. Na ce musu na yi magana da shi, ya ce addu'a ta isa, a bar shi ya huta.

Akwai wata nas a asibitinmu, Kirista ce 'yar Filato, Yaya ya taɓa gyara musu na'ura. Wata safiya ta shigo bas ta zauna a bayana, ko gaisawa ba mu yi ba.

"Malam direba, ku wane irin mutane ne?"

"Lafiya, Sista?"

"Jiya muka je wurin ɗan'uwanku ni da maigidana. Ya ture gadaje gefe, ya sayo tabarmi ya shimfiɗe ɗakin, ga katan-katan na ruwa, ga dabino a faranti. Ya sa farin kaya da hula. Ya tokare ƙofa da takalmi a zafin nan, don kada mai zuwa ya ga ta a rufe ya juya. Tun ranar rasuwar yake zaune haka. Ba kowa sai ɗan Nepal ɗin nan, shi ma bai san abin da zai ce ba, ya dai zauna."

Na ce, "Ai shi ya ce kada a zo."

"To me zai ce? Don Allah ku zo ku yi mini gaisuwar uwata? Ina ka taɓa jin an nemi izinin ta'aziyya? Mu ma ba mu kira ba, adireshi kawai muka tambaya."

Sauran ma'aikatan ba sa jin Hausa, suna ta danna wayoyinsu. Na ci gaba da tuƙi har muka isa.

Da na tashi aiki na wuce Mu'aither. Na tarar ya koma aiki tun safe, bai daɗe da dawowa ba, kayan aikin ma na jikinsa. An naɗe tabarmin an jingine a bango. Ya karɓe ni da fara'a, ya turo mini farantin dabino.

"Ci mana, sun yi yawa."

Na ce, "Yaya, ya haƙuri?" Ya ce alhamdulillahi. Na yi addu'a ya shafa. Sai na fara neman gafara, na gaya masa har abin da na faɗa wa mutane. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Ai ka gaya mini tun a mota. Ni ne na ɗauka ban da mutuwa."

Juma'ar da ta biyo na cika bas da 'yan gida muka je. Likitan nan ma ya zo, yana ta faɗan me ya sa ba a gaya masa wurin ba tun farko. Amma zaman ya wuce. Yaya ya tashi yana ta hidima, yana zuba mana shayi, yana tambayar iyalin kowa. Baƙi muka zama a ɗakinsa, shi ke lallashinmu.

Da kwantiraginsa ya ƙare, kamfani ya so ya sabunta, ya ƙi. Mun san yana bukatar aikin, yaransa na makaranta. Kowa ya ba shi baki, ya ce ya gode. Ni na kai shi filin jirgi. Da na tsaya na sauke masa jaka, sai na ce, "Yaya, in don abin da na yi ne, ka daure ka ƙara ko shekara guda."

"Na yafe maka tuni, ƙanena. Ba fushi ba ne." Ya gyara hularsa. "Da nake zaune ina kallon ƙofar nan, sai na ce yau da ni ne a kwance a ɗakin nan, haka za a yi ta turo saƙo. Tun daga ranar ban ƙara jin daɗin barci a garin nan ba."

Ya miƙo mini hannu, ya ce in gaida mutane. Mai tsaro yana ta yi mini alama in janye mota, ya tura kayansa ya shige ciki.