Elguja da Bakin Randa

A ƙauyenmu, nan gindin duwatsun Kakheti, ba a ajiye giyar inabi a ganga. Randa ake binnewa a ƙasa har wuya, irin wadda ƙato zai tsaya a ciki ba a ga kansa ba. Kafin kakar inabi dole a wanke ta, kuma daga ciki ake wankin. Mutum zai zura jikinsa ta bakin, ya sauka da kyandir da magogin ɓawon itace. Shekara talatin da ɗaya Elguja ne ke yi wa rabin ƙauyen wannan aiki, don Allah ya yi shi kamar sillen kara.

Daga baya matarsa Tsiala ta fara ba matafiya hayar ɗakunan sama, irin masu goyon jakar nan da ƙaramin aljihu. Ita ke ba su shawara: kada su hau tasi daga birnin Tbilisi, su jira ƙaramar bas ta cika, burodi a saya a bakin tanda, ruwa kuwa ga marmaro nan. Shawarar Elguja ɗaya ce: a zo lokacin tsinkar inabi, wanda ya yi aikin wuni ba ya kwana da yunwa.

Sai dai a wurinmu maigida ba ya barin baƙo ya ci abinci shi kaɗai. Zai zauna ya ɗaga kofi, ya yi wa iyayen baƙon fatan alheri, ya yi wa ƙasarsu, ya tuna da mamata, kowane fata da lomarsa. Baƙi kwana biyu suke yi su wuce. Elguja kullum yana teburin.

Bana ya je wanke randar maƙwabcinsa Shalva. Ƙafafu suka shiga, cinyoyi suka bi, aka zo ƙugu aka tsaya.

"Tsuke cikin mana, ɗan'uwa," in ji Shalva.

"Tun ɗazu a tsuke yake."

"To ashe marfi na ɗauko, ba mai wanki ba."

Aka kira Tsiala, ta zo da man girki. Elguja ya ce mata sanyin bara ne ya matse bakin randar.

"Haka ne, maigida," ta ce tana shafa masa. "Tare da wandonka ya matse su."

Aka zaro shi. Saura kwana huɗu a fara tsinka, randa goma sha ɗaya ba a wanke ba, ga shi randa mai dauɗa tsami take mayar da giyar shekara. Elguja ya zauna yana goge man da ke jikinsa.

Cikin baƙin makon akwai Wiktor, wani dattijo ɗan Poland da ya yi ritaya daga raba wasiƙu, siriri kamar tsinken tsire. Shi aka zura. Elguja ya kwanta rub da ciki a bakin randar yana nuna masa da sanda, don ba mai jin yaren wani.

Ba a cewa randa ta wanku sai mai wanki ya sha ruwan ɗaurayar ƙarshe. Wiktor ya miƙo kofi. Elguja ya kurɓa, ya tofar, ya nuna ƙasa da yatsa. Sau biyu yana mayar da shi. A na uku ya shanye, ya goge gashin baki.

Haka suka yi wa sauran goman. Elguja bai sake gwada shiga randa ba. Shalva ya kafa masa kujera a bakinta, a kai yake zama da kofinsa. Elguja yakan ce dama aikin a harshe yake, ƙugun rakiya kawai yake yi.