Hotunan Jirgin da Na Aika wa Baba

Ni ne ɗan fari a gidanmu, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. In na bugo waya Damagaram daga Lyon, gaisuwarmu ba ta wuce minti biyu. Ya tambayi sanyi, ya tambayi aiki, sai ya miƙa wa Inna.

Shekarata shida ke nan a Faransa, ina aiki a wata masana'anta a Saint-Fons. Takardun zamana sun maƙale, in na fita ƙasar ba dawowa. A lokacin ne yanar ido ta fara rufe ganin Baba. Wata Juma'a, maimakon ya miƙa wayar, sai ya yi gyaran murya.

"Wai jirgin ƙasan nan da kake shiga," ya ce, "a ɗauko mini hotonshi in gani, tun ido na da saura."

Da ina da hankali da na gane. Mutumin da kunya ta hana shi faɗin sunana, ta yaya zai buɗe baki ya ce fuskata yake son gani? Amma ni, da digirina da komai, na ɗauki maganar yadda ta zo. Baba tsohon direban babbar mota ne, ya ƙare ƙarfinsa tsakanin Damagaram da Agadas, bai taɓa ganin jirgin ƙasa ba. Na ce ai kuwa zai sha kallo.

Ga ni da ɗan banzan son a yaba mini, sai na raina jiragen cikin gari. Na sayi kyamara. Kowace Lahadi in yi kudu, in sauka a tashoshin da ba kowa sai benci da agogo. In hau dutse in zauna, wani lokaci awa uku, ina jiran ɗan jirgi mai tarago biyu ya ratsa gada. Na fi neman inda ƙasa ta bushe, duwatsu tsirara irin na hanyar Agadas, don ya ga abin da ya sani.

Wata biyar ina wannan fama. Na zaɓi ashirin, na kai Montreuil, gefen Paris, wurin wani Alhaji ɗan garinmu da zai tafi gida. Ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗago.

"Malam, kai ba ka ciki?"

"Jirgi ya ce, Alhaji."

Ya sa su a jaka. Har haushinsa na ji a hanya, wai bai yaba ko ɗaya ba.

Baba ya rasu kafin takarduna su fito. Da na samu zuwa, Inna ta ɗauko mini hotunan, duk sun yi laushi don taɓawa. A kowanne an zagaye taga guda ta jirgin da shuɗin alƙalamin bik.

"Ni yake sawa in aza mishi yatsa bisa tagogin, ya zaɓi guda," in ji Inna. "In baƙi sun zo sai ya ce, ga shi nan zaune."

Na kai hoton kusa da idona. Ba komai a tagar sai hasken rana. Ina can kan dutse a lokacin, ina jin daɗin gwanintata.

Abin bai sake ni ba har yau. Duk jirgin da na shiga tsakanin Lyon da Paris, kujerar taga nake nema, in zauna in juya fuskata waje, ko da na san ba mai dubawa.