Abin da Ke Cin Tayar Ba Aji

Duk wanda ya zauna a Shagari Low Cost ya san Ba Aji mai hula, amma motarsa ake fara sani. Tun daga kwanar layi za ka ji tayar baya tana gogar madigadi, ƙirr ƙirr, kamar ana kankare ƙanzo. Motar ce ta kwaso shi da iyalinsa daga Borno shekarar da aka ƙone garinsu, shi ya sa yake lallaɓa ta fiye da yadda yake lallaɓa matarsa Yakaka. Yakaka ta sani, ba ta kuma yafe ba.

Ranar da ƙarfen madigadin ya sake yanka taya a hanyar gonarsu ta Mbamba, Yakaka ta dawo gida a ƙasa da kwandon kuɓewa a ka. Ko ruwa ba ta sha ba ta yanke hukunci: ko a gyara, ko ta kira 'yan gwangwan su ɗora ta a sikeli.

Ba Aji ya ce bakanike ba zai taɓa masa mota ba, a gida za a yi. Maƙwabcinsa Joel, tsohon malamin makaranta ɗan Numan, ya kawo jak da guduma da shawara buhu guda. Suka daki bakin madigadi har ya koma kamar kwanon da aka taka. Suka yanko robar tsohuwar taya suka cusa a sifirin, ƙarfen da ke ɗaga jikin mota daga kan taya. Ana sauke jak, mota ta sake zama daɓas a kan tayarta, kamar tsohuwar da ta ƙoshi da tuwo.

Joel ya share gumi ya ce bayan nan nauyi gare shi, me ke cikin but? Ba Aji ya ce tarkace ne kawai, yana dafe mukullin da ke rataye a wuyansa. Yakaka ta miƙa hannu.

"Baban Falmata, kawo."

Aka buɗe. Ga buhunan gero, ga jarkokin ruwa da na fetur, ga tukunya da tabarma, can ƙarƙashi kuma dutsen niƙan mahaifiyarsa. Ashe ranar gudu yara sun yi kukan yunwa har Mubi, shi ne ya rantse ba za a sake kama shi hannu wofi ba. Duk kaka a ɓoye yake canja geron.

"Har da dutse, Malam?" in ji Yakaka. "In an sake gudu, a bakin titi zan durƙusa in yi maka niƙa?" Ta faɗa tana dariya, amma ta kai bakin mayafi ido.

Joel ya ce, "Ba Aji, a gidan nan aka binne cibiyar jikokinka. Ina kuma za ka?"

Ba Aji ya naɗe hannun riga ya rungumo buhun farko da kansa. Suna sauke dutsen, bayan mota ya ɗaga, har Joel ya zura dunƙulen hannunsa tsakanin taya da ƙarfe. Suka zaga layi, Yakaka a gidan gaba, ba ƙirr ba ƙarr. Ba Aji ya saki wani numfashi, ka ce tun daga Borno yake riƙe da shi.

Geron ya tafi a kunu, rabi gidan Joel. Tabarmar ya mayar cikin but, Yakaka ta yi kamar ba ta gani ba. Dutsen kuwa yana nan bakin rijiya, a kansa yake zama ya yi alwala.