Sarƙar Lubban ta Kaka

Jama'a, har yanzu warin ƙonanniyar leda bai bar hancina ba!

Yau na kai sarƙar lubban ta marigayiya Kakata wajen Baba mai gyaran duwatsun wuya a Tudun Wada, ya canza zare. Ya juya ta. Ya gasa allura a wuta, ya ɗosana wa ƙwaya ɗaya. Ta narke!

Ya ce, "'Yata, lubban na gaskiya ƙamshin turare yake yi idan ya ƙone. Wannan roba ce. Kuma ƙullin nan nawa ne."

Na ce, "Naka, Baba?"

"Wata mai tabon ƙuna a hannu ce ta kawo ta asalin, na haɗa mata irinta ta roba."

Gwaggona ke riƙe da makullin akwatin Kaka. Tabon ƙuna gare ta. Ga shi tana ta kirana!