Rakiyar Auta zuwa Staten Island

Mun tashi daga Mount Hope da asuba, ni da ƙanwata, sallah kawai muka yi muka fito ko shayi ba mu sha ba. Da ido ɗaya nake rubuta wannan, ɗayan har yanzu a kumbure yake, kuma in aka buga ƙofa da ƙarfi sai in zabura. Masu tambayata me ya same ni, ga bayanin gaba ɗaya, na gaji da maimaitawa.

Ni a Maradi na girma a hannun Gwaggo, sai da na gama sakandare na zo. Autarmu kuwa a nan Bronx aka haife ta, tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa. Bara ta shiga wata ƙungiyar kiɗan da ake kira hardcore, ɗan'uwan punk ne, sai dai ya fi shi sauri da ihu. Ita ce mai ihun. Wani abokin Baba mai tuƙa tasi ya nuna masa bidiyonta a waya, Baba ya dawo daga shago ya ce kwaleji ta ƙare, Maradi za ta koma wajen Gwaggo ta koyi nutsuwa. Mama ta yi ta roƙo. Daga ƙarshe ya ce in bi ta wasan Lahadi in gani da idona, abin da na zo na faɗa da shi zai yi aiki. Haka aka ɗora mini makomar yarinya a ka, ni da ko bikin suna in ya cika nake gudu.

Jirgin ƙasa ba kowa sai masu aikin safe. Wata mata 'yar Ghana mai kula da tsofaffi ta ji muna Hausa ta matso, ta dubi takalmin Auta mai kama da na soja ta ce, "Wannan yaƙi za ta je?" Na ce kusan haka ne, Hajiya. Mun sauka a ƙarshen Manhattan muka shiga jirgin ruwa. Shekarata uku a garin nan ban san kyauta ake shigarsa ba, na tsaya ina laluben kati Auta tana yi mini dariya. Kofi da burodin cikin jirgin ne suka rama wa gwamnati, tsadarsu ta kai ta abincin rana a unguwarmu. Iska ta yi sanyi, ruwan toka-toka, masu yawon buɗe ido duk sun taru gefe ɗaya suna ɗaukar hoton gunkin matar nan mai fitila. Auta ba ta kalla ba. Tana zaune tana shan ruwan zafi da zuma.

A St. George, inda jirgin ke tsayawa a Staten Island, mai gangarsu ta tarbe mu da wata tsohuwar mota cike da kaya. Yarinya ce 'yar unguwar Soundview, iyayenta daga Dominika, gajera, hannuwanta kamar na mai daka. Ni na riƙe faifan ƙarfen ganga a cinya har muka isa. Wurin wani tsohon ɗakin taro ne a bayan gareji, ba allo, ba suna. Sammakon da muka yi na shara ne da jera kaya, don a wajensu mai waƙa shi ne mai shara, shi ne mai dafa abinci. Wasan na rana ne, daga azahar zuwa la'asar, kuma kuɗin ƙofa na lauyan wani mai wankin kwanuka ne da 'yan imigireshan suka ɗauke a wajen aiki.

Da aka buɗe ƙofa wani dogo mai ƙarfe a hanci ya tambaye ni ko ina shan giya. Na ce Allah ya tsare. Sai ya kama alƙalami mai kauri zai zana mini gicciye baƙi a bayan hannu. Na janye. Auta ta ce alama ce ta wanda ba ya sha, kuma wasu da kansu suke zanawa don alfahari. Na duba, kusan rabin ɗakin da alamar. Na karɓi alƙalamin na zana abina da kaina. Sauran rabin kuwa na gan su a bayan gareji da gwangwanaye, kuma na ji warin abin da ba taba ba ne. Wannan ma na ajiye shi a raina don Baba.

Abinci shinkafa da wake ne a babbar tukunya, ba nama, ba mai, ba yaji, wai ba sa cin abin da ya fito daga dabba. Garau-garau ne da aka yi wa fashi. Ina da kilishi a jaka, sai da na shiga ɗakin ajiya na ci a ɓoye kamar mai laifi. A ɗakin nan na yi azahar, mai ƙarfe a hancin nan ne ya shimfiɗa mini kwali ya duba mini gabas a wayarsa.

Kafin a fara na tsaya wajen wata mata mai furfura da zanen tawada a fata har wuya, tana sayar da kaset. Kaset fa, irin na rediyon Gwaggo. Na ce mata ni duk ihun iri ɗaya nake ji. Ta ce a'a, kowane gari da abin da ke cinsa. Washington, in ji ta, gidan gwamnati ne, yaran da suka fara abin a can sun tashi suna ganin manya suna ƙarya a talabijin suna dawowa gida su bugu, shi ya sa waƙarsu kamar wa'azi take, kuma daga can al'adar gicciyen hannuna ta fito. Na New York nauyi gare shi, na kuɗin haya ne da 'yan sanda masu tare yaro a hanya su caje shi ba dalili. Na Los Angeles gudu yake kamar ana kora, ta ce a zamaninsu ba a cika gama wasa ba tare da 'yan sanda sun fasa shi ba. Na Chicago kuma akwai masu yi da Sifaniyanci, kan iyayen da ake kamawa a mayar. Sai na gane abin kamar kiɗan noma ne da na mahauta a gida, ganga ce duka, amma kowa ciwonsa yake bugawa.

Da kunnena na tabbatar. 'Yan mata uku daga Washington suka fara, kafin kowace waƙa sai sun yi jawabin da ya fi waƙar tsawo. Na Chicago ban ji kalma ɗaya ba amma na ga wani dattijo a gefe yana share ido. Wanda ke son ya gwada, shawarata ya fara da na Washington, ana jin maganarsu kuma akwai ɗan daɗi a jitar. Daga nan ya nemi masu Sifaniyancin. Na New York a bar shi sai kunne ya saba, kuma kada a sa shi a mota in akwai tsoho a ciki. Sunayen ƙungiyoyin Auta ta roƙe ni kada in rubuta, wasunsu ba su da takardu. Ku je wajen masu kaset ku ambaci gari, za a ba ku.

Duk wannan lokacin ina manne da bango kusa da ƙofa. Tsakiyar ɗakin fili ne da suke shiga suna ture juna, suna wurgi da hannu da ƙafa. Ina aji uku a sakandare aka yi tarzoma a garinmu, na ga yadda taro ke danne mutum a bakin ƙofar makaranta, tun daga nan ba na shiga tsakiyar jama'a.

Sai aka zo kan su Auta. Ba dandamali, a ƙasa take tsaye cikin mutane da makirufo a hannu. Yarinyar da ba ta iya ɗaga murya ta kira Mama daga kicin, ta buɗe baki na ji har cikin haƙorana. Waƙa ta uku ta ce ta gidanmu ce. Tun da aka fara kame a farkon shekarar nan, kullum Mama za ta fita sai ta juyo ta ce wa kowaccenmu, kowa ya buga, kar ki buɗe ƙofa. To wannan maganar Auta ta sa a waƙa, da Hausa, ita da ba ta amsa mana da Hausa. Kuma ɗakin duk sun iya. Turawa da 'yan Mekziko da baƙaƙe suna ta ihun "kar ki buɗe ƙofa" da karkataccen harshe. Ina cikin mamaki sai na ga ƙattai sun yi kanta. Ɗaya ya haye bayan ɗaya, suka rufe ta ruf, ban ƙara ganin ko kanta ba.

Ban san lokacin da na bar bango ba. Na kutsa ina salati ina jan riguna ina kiran sunanta. Wani da ke juyi bai gan ni ba, gwiwar hannunsa ta same ni a ido. Na faɗi, ƙafafu ta ko'ina, hijabina ya zame ya tafi. Na rufe kai na ce shi ke nan, yau za a tattake ni.

Ganga ta tsaya cak. Hannuwa suka ɗaga ni tsaye kafin in gama numfashi. Da suka ga kaina a buɗe ina ƙoƙarin rufewa da hannu, mazan da ke kusa suka juya mini baya suka jeru kafaɗa da kafaɗa, wata yarinya mai koren gashi ta miƙo hijabin tana kaɗe shi. Auta ta fito daga ƙarƙashin tarin nan lafiya lau, gumi kawai. Ashe al'adarsu ce, in amshin da suke so ya zo sai su hau juna don kowa ya sa baki a makirufo. Yabo ne. Ni kaɗai ce a ɗakin ban sani ba. Wata dokarsu kuma, wanda ya faɗi a ɗaga shi, ko waƙa ta lalace.

A ɗakin ajiya na zauna. Wanda ya buge ni ya zo da ƙanƙara a leda, ƙato guda, ya durƙusa yana ba ni haƙuri. Su Auta ba su ƙarasa wasansu ba.

A jirgin ruwan komawa idon ya rufe. Rana ta yi ƙasa, masu dawowa daga aiki suna gyangyaɗi. Auta ta matso, da Hausarta mai tsalle-tsalle ta ce, "Yaya, ki ce ƙofar jirgi ce ta buge ki." Na ce ƙofar jirgi ba ta da gwiwar hannu. Ta ce, "Zai tura ni Maradi." Na ce na sani.

Mun iske Baba ya dawo daga magariba yana cin tuwo. Ya dubi fuskata ya ajiye lomar.

"Wa ya yi miki wannan?"

Na faɗa masa duka, a jere. Shara, shinkafa, kwalin sallah, gwangwanayen bayan gareji da warin da na ji, mai wankin kwanukan da ake tara wa kuɗi, tarin ƙattai, gwiwar hannu, bangon da suka yi mini da bayansu. Mama tana tsaye bakin kicin tana yi mini ido in rage, ban rage ba.

"Ita ta sha?"

"Ba ta sha ba, Baba."

"Me take cewa a ihun nata?"

Na faɗa masa maganar Mama ce, kuma Turawa sun haddace. Ya juya ya dubi Mama. Shi ma yana da abokai biyu a kasuwa da tun sanyi ba a san inda aka kai su ba. Ya wanke hannu ya ce ba zai sayi tikitin Maradi ba. Auta ta fashe da kuka. Ya ɗaga yatsa ya ce bai gama ba: wasan dare babu, karatu in ya yi ƙasa magana ta tashi, kuma duk inda za ta je ihu, ƙafarta ƙafata.

Na ce, "Ni, Baba?"

Ya ce, "Wa ya fi ki sanin wurin yanzu?"

Abin da tafiyar ta koya mini ba shi da yawa. Ihu ma yana da gari da dalili, kuma kafin ka shiga ceton mutum a cikin baƙin taro ka tambayi na kusa da kai me ake yi. Gaskiyar da na ji tsoron za ta kori ƙanwata ita ce ta bar ta a gida. Tsoron taro kuwa bai bar ni ba, daren jiya ma na farka ina jin ƙafafu a kaina. Wata mai zuwa an gayyace su Philadelphia. Na sayi abin toshe kunne, kuma na gaya wa Auta ko rufin ɗakin ne ya faɗo mata, ina nan jikin bango.