Nibaldo Ƙuma da Ɗakin Ƙanensa

Akwai wani aibi da ya yawaita a cikin mutane har an daina lissafa shi cikin aibobi: mutum ya gwammace ya yini yana aiki a kan zato, da ya tsaya ya yi tambaya guda. Masu wannan hali ba malalata ba ne. Galibinsu ma sun fi kowa zafin nama, shi ya sa ake yabonsu maimakon a tsawata musu. Abin da ba su lura da shi ba shi ne, tambaya tana da lokacinta. Akwai ranar da amsa take kwance a fili, duk wanda ka tara zai nuna maka ita. Idan ranar ta wuce, ko ka ƙare rayuwarka kana tono ba za ka same ta cikakkiya ba. Nibaldo Quilodrán, wanda unguwar Los Maitenes ta fi sani da Ƙuma, a makare ya gane haka.

Tun yana saurayi aka laƙaba masa Ƙuma, domin ba a samunsa inda aka bar shi. Ya haƙi jan ƙarfe a hamadar arewa, ya bari. Ya bi jiragen kamun kifi a kudu, ya bari. Ya tsinki inabi, ya yi dako a kasuwa, ya koyi gini bai ƙarasa ba. Ko a kujera ya zauna, ƙafarsa ɗaya tana rawa kamar tana jiran a ce mata tashi. Ƙanensa Aladino kuwa mutum ne mai nauyin jiki da son abinci, wanda bai taɓa kwana nesa da uwarsu, Sinyora Uberlinda, ba.

A shekarun da birni yake haƙe cikinsa domin jirgin ƙarƙashin ƙasa, aka yanke shawarar fitar da reshe daga babban layi, ya ratsa unguwannin gabas har gindin duwatsu. Los Maitenes a lokacin ita ce ƙarshen gari, bayanta sai filaye da itatuwan ɓaure. Tashar da aka tsara mata ta kan hanya ce, jirgi ya tsaya ya wuce. Aladino ya sami aiki cikin mahaƙa. An gama ramin tashar, an nausa gaba, sai wata safiya bayan an kwana ana ruwa, rufin ramin ya rufto a kan mutum biyu. Ɗayansu, Heriberto Cárcamo, an fito da shi da karyayyar ƙafa. Aladino gawarsa aka fito da ita.

Kafin labari ya isa arewa, Nibaldo ya hawo mota, har an binne. Ya tarar da uwarsa zaune a gaban shayin da ba ta taɓa ba.

"Kada ka fara mini kuka, na yi wanda ya ishe mu mu biyu," in ji ta. "Ɗaki nake so ka gina masa."

Bai nemi bayani ba, domin babu ɗan unguwar da bai sani ba. Wanda mutuwa ta fizge farat ɗaya bai san ya mutu ba. Ransa yakan tsaya yana kewaya inda ya faɗi, cikin duhu, har sai an gina masa animita, ɗan ɗakin nan da bai wuce tsayin gwiwa ba, an kunna masa kyandir a ciki. Kabari na gawa ne, animita ta rai ce, kuma sharaɗinta guda: daidai inda numfashi ya yanke, ba kusa da wurin ba.

"Ka je asibiti wurin Heriberto," in ji uwar. "Shi ya riƙe masa hannu. Ya gaya maka wurin."

"Mama, asibitin yana can ɗaya ƙarshen gari, motar arewa kuma da yamma take tashi. Ai kowa ya san wurin."

"Wane ne kowa? Da kowa aka shiga ramin?"

"Na ga furanni a bakin matakala."

"Ɗana, ko sau ɗaya a rayuwarka, ka zauna har shayinka ya huce."

Bai zauna ba. Ya ari baro, ya ɗebi bulo da siminti, ya nufi inda ya ga furannin, a bakin matakalar da za ta zama ƙofar tasha. Ya yi aiki mai kyau, dole a faɗi gaskiya: bango madaidaici, rufin kwano da shuɗin fenti, ƙaramar ƙofa ta ƙarfe domin kada iska ta kashe wuta. Da ya dawo ɗaukar jakarsa, uwar ta tambaye shi ko ya ga Heriberto. Ya ce, "An gama, Mama," ya sumbaci goshinta ya fita. Ba za a ce ya yi ƙarya ba. Amma wanda ya ga mutum ya fahimce shi a karkace ya ƙyale shi, domin gyaran zai ɓata masa lokaci, bai yi nisa da maƙaryaci ba.

Reshen bai taɓa kai wa gindin duwatsu ba. Bayan ruftawar aka dakatar da haƙa, aka ce na ɗan lokaci ne, daga bisani aka toshe ragowar ramin da bango. Tashar da aka gina domin a wuce ta, ita ta zama ƙarshen layi. Wani guntun jirgi mai tarago biyu aka ba ta, yana kai da komo tsakaninta da mahaɗar babban layi, da safe cike da masu aikin gidaje da magina, da rana kusan wayam. Ɗakin Aladino kuwa sai bunƙasa yake yi. Masu sauka tasha suka fara barin kyandir. Wata ta roƙi sauƙin haihuwa ta samu, wani ya roƙi ɗansa ya bar shaye-shaye ya bari, kowa ya kawo ƙaramin allo na godiya ya manna, har bangon matakala ya cika. Sinyora Edelmira, mai soya wainar kabewa a bakin ƙofa, ita ta ɗauki nauyin sharewa da kankare narkakken kyandir. Mutane suka daina cewa za su sauka a Los Maitenes, sai su ce za su sauka wurin Aladino. Uwarsa ta rasu hankalinta kwance.

Nibaldo ya dawo da furfura, ba domin ya gaji da yawo ba, sai domin babu mai ɗaukarsa aiki kuma. Ya zauna a gidan uwarsa, yana ɗan gyare-gyaren gini, kullum yana maganar wata tafiya da zai yi. Amma duk lokacin da ya wuce ta bakin tasha, kafaɗarsa takan ɗaga. A duk rayuwarsa wannan ɗan ɗaki ne kaɗai abin da ya fara ya gama.

Wata rana da hantsi yana tsaye yana cin waina, wani tsoho mai ɗingishi ya hauro matakala da sanda. Ya tsaya gaban animita ya cire hula, ya daɗe yana karanta allunan.

"Maƙwabciya, wannan na Aladino Quilodrán ne?" ya tambayi Edelmira.

"Nasa ne, baba. Ga ma yayansa nan, shi ya gina da hannunsa."

Tsohon ya juyo. "Kai ne Ƙuma? Ni ne Heriberto. Daga asibiti 'yata ta wuce da ni kudu, sai yanzu na ga hanyar nan. Ya yi kyau, ya yi kyau ƙwarai." Ya juya hular a hannunsa. "To, ina na ainihin yake?"

"Wane na ainihi?"

"Na inda ya cika. Nan ai inda aka fito da shi ne, jikinsa ya riga ya yi sanyi. Can gaba muke, bayan ramin ya karkata hagu, ƙarƙashin filin ɓaure. Ya ce mini yunwa yake ji, na ce masa kai da yunwa har a nan, ya yi dariya, shi ke nan."

Wainar da ke hannun Nibaldo ba ta kai bakinsa ba.

Daga ranar barci da zama suka ƙaurace masa, kuma wannan karon rashin natsuwarsa yana da dalili. Ya auna maganar ta kowace fuska. Idan Heriberto ya faɗi gaskiya, kuma babu abin da zai ci da ƙarya, to Aladino, wanda bai taɓa kwana a waje ba yana da rai, ya shafe duk shekarun nan yana laluben bango a ramin da aka toshe, babu rufi babu haske, alhali ana ta ƙona kyandir a ɗakin da babu kowa. Kuma uwarsu ta mutu tana gode wa ɗan da ya bar ƙanensa a duhu domin kada mota ta tashi ta bar shi.

Ya yanke shawarar ɗauke ɗakin ya kai shi inda ya dace. Ya zo da baro da diga da tsakar rana. Kafin ya sunkuya, Edelmira ta bar kaskonta ta zo ta tsaya a gabansa, wasu mata uku masu jiran jirgi suka tsaya a bayanta.

"Maƙwabci, ajiye wannan ƙarfen. Tunda uwarka ta haife ka, ka taɓa jin an tashi animita? Har titi karkata shi ake yi a bar ta."

"Ba ya ciki, Sinyora Edelmira. Kin ji da kunnenki."

"To wa ya warkar da ƙafar jikata? Kai?"

"Ban sani ba."

"Ba ka sani ba, amma ka zo da diga. Haka ka yi wancan karon ma: ba ka sani ba, ka zo da siminti."

Heriberto, wanda ya zauna a kan matakala yana hutar da ƙafarsa, ya sa baki. "Ni dai Aladinon da na sani, in ya ji ƙanshin waina zai tako daga can zuwa nan, ko da bango a tsakani."

Matan suka yi dariya. Nibaldo bai yi ba, amma ya mayar da digar cikin baro. Maganar Edelmira ta soke shi ne saboda gaskiya ce: gaggawar da ta sa shi kuskure, ita ce ta kawo shi gyara.

Ya nemi shugaban tasha ya bar shi ya shiga ragowar ramin. Aka ce masa bango ne mai kauri, bayansa kuma ruwa ya cika. Saboda haka ya yi abin da ya kamata ya yi tun farko: ya kama hannun Heriberto, suka tafi filin ɓaure a hankali, da tafiyar mai ɗingishi. Sai dai filin ya ɓace. An sare itatuwan, an yi gidaje da wani kangon gareji. Tsohon ya tsaya ya dubi duwatsu, ya dubi rufin tasha, ya taka nan, ya koma can.

"A lokacin da turaku a jere a kan ƙasa, suna nuna bin ramin," in ji shi. "Inda ya rufta kuma ƙasa ta lotsa, har ruwa ya taru. Ko makaho zai nuna maka. Da ka zo mini a makon, daga kan gado zan kwatanta maka."

"Yanzu fa?"

Heriberto ya soka sandarsa a gefen katangar garejin. "Nan ne." Ya zare ta, ya matsa gaba kaɗan. "Ko kuwa nan. Ɗan uwa, a ƙasa nake ranar, ba a sama ba."

A tsakanin ramukan sandar biyu Nibaldo ya gina ɗaki na biyu. Ya ɗauki makonni a kan aikin da ya taɓa yi cikin yini guda. Babu wanda ya hana shi, babu kuma wanda ya kai kyandir can, domin mutane sun riga sun san inda ake amsa musu. Shi kuwa bai iya barin ko ɗaya ba. Na bakin tasha yana da shaidar alluna, na bayan gareji yana da shaidar mutum guda mai shakka, kuma yana iya yiwuwa dukansu biyu sun kauce. Sai ya ɗauki al'ada: kowace safiya ya kunna kyandir daga wutar ɗaki na farko, ya sa shi cikin gwangwani, ya taka da shi ta saman ramin da ba a ƙarasa ba har zuwa na biyu, wai ko ƙanensa zai ga hasken ya biyo. Da la'asar ya sake. Maganar tafiya arewa ko kudu ta fita daga bakinsa. Duk yawon da ya rage a ƙafarsa ya ƙare a wannan ɗan tsakani.

Ana haka aka shimfiɗa babban titi, manyan motocin haya suka fara kai mutane tsakiyar gari ba tare da canjin jirgi ba. Aka fara rufe reshen ran Lahadi, daga baya aka bar shi safe da yamma kawai, a ƙarshe aka ja ƙofar ƙarfe aka sa kwaɗo. Edelmira ba ta tashi ba, domin masu zuwa wurin Aladino ba su daina zuwa ba. Takan ga Nibaldo ya wuce da gwangwaninsa ta ɗaga murya, "Ga jirgin reshe nan, shi kaɗai ya rage, kuma bai taɓa makara ba." Shi kuma ya ce, "A matsa daga bakin layi, Sinyora," ya wuce yana kare wutar da tafin hannu.

A kan wannan hanya zuciyarsa ta tsaya, wata safiya, bai kai rabi ba. Masu wucewa suka taru, wani ya kira motar asibiti, wasu suka sunkuya za su ɗauke shi zuwa inuwa. Edelmira ta iso tana haki, da gawayi a hannunta daga murhun waina.

"Kada wanda ya taɓa shi tukuna," in ji ta.

Ta durƙusa da ƙyar, ta zagaye shi da baƙin layi a kan kwalta, daga kai har ƙafa, sannan ta ce a ɗauka. A cikin wannan zanen aka gina nasa ɗakin, da rufi mai shuɗin fenti, kuma babu wanda ya taɓa tambaya ko wurin ne.